Wa ya ɗora wa 'yar shekara 12 azumin kwana uku?

Wata ranar Alhamis ce cikin watan Mayun bara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina gaban allo ina rubuta wa 'yan ajina na CM2 lissafi, sai na ji benci ya kife a bayana. Ko da na waiwaya, ga yarinya kwance a ƙasa, idanu sun juye, leɓe ya tsattsage kamar gindin tabki a tsakiyar rani. Muka ɗauke ta ni da wata malama, muka kai ta inuwar dogon yaro, aka yayyafa mata ruwan randa. Da ta farfaɗo na kai mata moɗa baki, sai ta kau da kai, ta ce da ni cikin wata 'yar siririyar murya: “Mushe, in na sha ya karye.”

A nan na ji labarin. Wani mai wa'azi baƙo ya zo daga tsallaken iyaka, ya yi kwanaki yana taro da dare, kuma kafin ya tafi ya bar umarni: duk yaron da ke da jarrabawa a gaba ya yi abin da ya kira azumin nasara, kwana uku, ba ci ba sha. Ranar ce ta biyu. Wanda ya san zafin Mayu a Arewa, lokacin da ma'auni ke wuce 40 kuma kwanon rufin aji ke zama tanderu, ya san abin da kwana biyu ba ruwa ke yi wa babba, balle yarinya 'yar shekara 12 da ke takowa daga wata rugga da ƙafa.

Bari in faɗi ko ni wane ne tun da wuri, don kada wani ya ce wani bare ne ya zo yi wa addininmu shisshigi. Ni Kirista ne. An yi wa mahaifina baftisma a Dogondutsi, cikin majami'a na tashi, kuma ina azumi. Babu Karem da ya wuce ni tun ina makarantar horon malamai, kuma na san abin da azumi ke yi wa zuciya: yana rage mata surutu, yana nuna wa mutum yawan abubuwan da ya ɗauka dole ne alhali sabo ne kawai. Saboda haka ba azumi nake faɗa da shi ba. Ina faɗa da waɗanda suka mai da shi kuɗin ciniki, suka kuma tura yara su biya.

Kakata ta wajen uwa 'yar Lugu ce, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet a watan Afrilun 1899. Cikin al'adar Azna ta rayu, cikinta ta mutu, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. In wani abu ya dame ta, ta san wace iska za a roƙa da wane launin kaza za a yanka. Ka ba da, a ba ka. Lokacin da iyayenmu suka karɓi bishara, abin da aka koya musu shi ne Allah ba a saye shi da kaza, alherinsa kyauta ne. To yau ga mu, jikokinsu, mun koma ga cinikin ta bayan gida, sai dai mun musanya kaza da cikin yaro. Kuma in za a faɗi gaskiya, kakata ta fi mu tausayi. Ita in an yanka kazar, an zuba jinin inda za a zuba, naman mu yara muke ci.

Na je gidan su yarinyar da marece. Uwarta mace ce mai kirki, ba ta yi lakwal ba, kuma duk burinta a duniya 'yarta ta shiga kwaleji kada a aurar da ita da wuri. Ta ce mini: “Malam, me gare ni da zan ba ta? Ba ni da kuɗin littafi, ba ni da fitila. Bawan Allah ya ce wannan ce hanya.” Ban iya yi mata faɗa ba. Wanda ya cancanci faɗan yana can ya haye iyaka da baikon da aka tara masa, ba zai taɓa sanin an ɗauki yarinya ranga-ranga ba.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa. Wani dattijon ikilisiya ya tare ni bayan sujada ya ce ai Esta ta yi kwana uku ba ci ba sha. Haka ne, baba, ta yi. Amma Esta babbar mace ce, ita ta zaɓar wa kanta, kuma kisan ƙare dangi ne ke gaban mutanenta, ba lissafin kasawa ba. In dai Littafi Mai Tsarki za mu buɗe, mu buɗe shi duka. A sura ta 12 ta littafin Sama'ila na biyu, sarki Dauda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa yana roƙo saboda ɗansa marar lafiya, kuma yaron ya mutu. Dauda fa. Ya tashi ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, ya ce a kawo abinci. In azumi na tilasta wa Allah ne, da na Dauda ya tilasta. A jeji kuwa, bayan kwana arba'in, da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan haikali tunda mala'iku za su tare shi, ƙi ya yi, domin gwada Allah ne. Hana yaro ruwa a watan Mayu da sunan bangaskiya, ku gaya mini ina bambancinsa da dirowar nan? Sannan akwai wurin da ban taɓa jin masu azumin nasara sun karanta ba, a ƙarshen sura ta 5 ta Markus: Yesu ya ta da 'yar Yayirus daga mutuwa, kuma kafin ya bar ɗakin ya ce a ba ta abinci. Shekarunta 12, daidai da 'yar ajina.

Ba ni na fara wannan tunani ba. Dokar Ikilisiyar Katolika ta 1983 ta tsara abin a fili: azumi na wajibi yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60, barin cin nama kuwa daga shekara 14. Ranakun azumin wajibi biyu ne rak a shekara, Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Almasihu, kuma ko a cikinsu ana cin abinci sau ɗaya, ba a hana shan ruwa ba. Fastocinmu na EERN da na sani tun ina yaro, ban taɓa jin ɗayansu ya ɗora wa yaro azumin kwanaki ba. Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan makaranta suka gina a Dogondutsi, asibiti suka buɗe a Galmi tun 1950. Maƙwabtanmu Musulmi ma, da muke cikin tsakiyarsu ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, azumi bai wajaba kan yaransu sai sun balaga. A Maris ɗin 2025 da Ramadan da Karem suka zo tare, na ga iyaye Musulmi da yawa suna ce wa ƙananansu su sha ruwa in rana ta take. Su ma suna da nasu 'yan dabarun jarrabawa, amma wannan na bar wa abokan aikina malamai Musulmi su yi magana, kowa ya share ƙofar gidansa.

Sabon salon daga waje ya shigo, ta wayar hannu da ta bakin masu wa'azi masu yawo: azumin kwana 21 na farkon shekara, na kwana 70, na buɗe ƙofa, na karya asiri. Babba mai lafiya in ya ga zai iya, tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ya kamata mu san inda hanyar ke iya kaiwa in babu mai taka burki. A Afrilun 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, mabiyan wani mai wa'azi Paul Mackenzie da ake tuhuma da sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. An tono fiye da 400, da yawansu yara. Ba na cewa baƙonmu Mackenzie ne. Ina cewa su ma can ba da rana ɗaya suka kai ga kabari ba, sun fara ne daga ranar da uwa ta ji kukan ɗanta ta danne zuciyarta saboda “bawan Allah ya ce”.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni haushi. Wa ake koya wa yunwa a Arewa? Ina ɗan ƙarami aka yi ta 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, ina tuna ɗanɗanon dusa. Ta 2005 ina sabon malami na gan ta, aji ya rage rabi, iyaye sun tafi cin rani da yaransu. Ko a shekarar da damina ta yi kyau, daga Mayu rumbuna sun fara ƙara in an buga su, kuma cikin ajina akwai waɗanda ke zuwa da safe ba su sa komai a baki ba sai ruwa. Mai cin abinci sau uku a birni, in ya bar na rana ya ji wani abu sabo. Yaron ƙauyenmu kullum cikin wannan abu yake, ba kuma lada ake rubuta masa ba, tsumburewa yake yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙwaƙwalwar da ba ta samu hura ba ba ta riƙe jadawalin ninkawa, ko an yi mata addu'ar kwana bakwai.

Ɓarnar da ta fi wannan ba a ganinta da ido. Ka gaya wa yaro in ya yi azumi zai ci jarrabawa. Ya yi, ya sha wuya, sakamako ya fito babu sunansa. Me zai ce a ransa? Ko dai Allah ya ƙi shi, ko shi mai zunubi ne da ba a karɓar roƙonsa, ko kuma wata gwaggo ce ta yi masa asiri, a shiga gaba cikin dangi. Na san wani saurayi da ya faɗi BEPC bayan irin wannan azumi, tun daga ranar bai sake taka majami'a ba. Aka ce ya ja da baya. Ni kuwa na ce alkawarin ƙarya aka yi masa da sunan Allah, da ya ga bai cika ba ya tafi. Begen da muke wa'azinsa shi ne wanda ya ta da Dauda daga ƙasa bayan an ce masa yaron ya mutu. Shi ya kamata mu koya wa yara, don shi ne zai riƙe su ranar da sakamako bai yi daɗi ba, kuma irin wannan rana tana zuwa wa kowa.

To me za a yi, a bar addu'a? Ko kusa. Ku iyaye, in kuna son yin azumi saboda jarrabawar ɗanku, ku yi, ku ne manya. Annabi Ishaya a sura ta 58 ya bayyana irin azumin da Allah ke so, kuma raba abinci da mayunwaci na cikinsa. Saboda haka tiyar hatsin da ba ku ci ba kada ta koma rumbu. A dama hura da ita a ba yaron kafin ya fita. In ta yi saura, akwai 'yan kwaleji da suka baro ƙauyukansu suna zaune gidajen mutane a Dankasari da Dogondutsi, wasunsu sau ɗaya suke ci a yini. A ɗauke wa yarinya daka da ɗiban ruwa na wata guda ta samu ta duba littafinta, wannan ma azumi ne ga uwar da za ta ɗauki tulun a madadinta. Da dare a zauna tare a yi addu'a gajera da yaro zai gane, a roƙa masa natsuwa da lafiya da gaskiya a ɗakin jarrabawa. In yana son ya taɓa azumi don ya koya, ya bar ƙosai ko alewa, ya ba ƙaninsa dalar.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu daina cewa wannan harkar addini ce ba ruwanmu. Yaro in ya shigo aji amanarmu ne. Ni dai na sanar da iyayen ajina a taron farkon shekara, Kirista da Musulmi, cewa duk ƙaramin yaron da na ga yana layi don ƙishirwa zan ba shi ruwa, wanda ya ji haushi ya same ni. Na kuma roƙi dattawan ikilisiyarmu kada a sake ba baƙo bagade sai an san wanda ya aiko shi da abin da zai ce. Ba duka suka ji daɗi ba. Ɗaya ya ce ilimin boko ya sanyaya mini bangaskiya.

Ranar nan dai, ƙarƙashin dogon yaro, sai da na ce wa yarinyar in akwai zunubi a shan ruwan nan na ɗauke shi a wuyana, sannan ta karɓi moɗar. Ta shanye, na ƙaro, ta sake shanyewa, malamar ta kawo mata sauran hurarta. Kwana huɗu ta yi ba ta zo lakwal ba, a cikin makonnin da muke bitar ƙarshe. Da ta dawo, ta jira sauran suka fita hutu, ta zo gaban teburina ta tsaya tana murza gefen zanenta, ta tambaye ni ko tunda ta karya za ta faɗi.