A Auna Layin Motoci Kafin A Saita Danja

Duk mai bin manyan titunan biranenmu da safe ya san yadda danja kan tsare hannun da motoci suka yi jerin gwano, ta saki hannun da babu kowa. A ganina, tushen wannan matsala shi ne ana yanka wa fitilun lokaci ba tare da an auna yawan motocin da ke jira ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa idan koriyar fitila ta kama, mota ɗaya ce ke wucewa a kusan kowace daƙiƙa 2 a sahu guda. Ke nan daƙiƙa 30 za ta sallami motoci kimanin 15 ne kawai. Idan 20 ke isowa a kowane zagaye, 5 za su rage. Bayan zagaye 10 motoci 50 sun taru, layin ya kai mita 300, har ya toshe mahaɗar da ke bayansa.

Tun a 1958 wani masani a Ingila mai suna Webster ya fitar da ƙa'idar raba lokacin danja gwargwadon yawan motoci. Daga baya aka ƙirƙiro tsarin SCOOT, inda ake binne waya a cikin kwalta nesa kaɗan da mahaɗa. Wayar tana ƙirga motocin da ke tahowa, kwamfuta ta yi hasashen tsawon layin, sannan ta ƙara ko ta rage daƙiƙoƙi. A 2023 kamfanin Google ya bayyana shirin Green Light, wanda ke amfani da bayanan taswirarsa wajen ba birane shawarar gyara lokutan danja.

Sai dai kwaso waɗannan na'urori kaɗai ba zai wadatar ba. An gina lissafinsu ne a kan motocin da ke bin sahu, alhali a Kano ɗan adaidaita sahu yakan kutsa duk inda ya ga kafa. Wajibi ne mu auna namu da kanmu.

Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da su haɗa kai da sassan injiniya na jami'o'inmu, a tura ɗalibai su ƙirga ababen hawa a manyan mahaɗu safe da yamma, a saita fitilun bisa abin da aka samu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowane minti a layi kuɗi ne ke ƙonewa, ga mara lafiya kuwa yana iya zama ransa.