RA'AYINMU: Akuyar Ƙauye Da Kasuwar Kurmi

Babu wani ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal da zai ce ba ruwansa da maganar akuya. Wanda ba ya fataucinta yana dakonta, wanda ba ya dakonta yana fiɗarta ko gasa namanta. Wanda kuwa sana'arsa ta yi nesa da kara, to, da wuya a ce bai taɓa aika kuɗi gida ya ce a saya wa mahaifiyarsa ko maiɗakinsa 'yar akuya a ɗaure ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya a kan wannan dabba yau, domin kuɗin zufar jama'armu da yawa yana kwance a turakun ƙauye, kuma kowace shekara wani kaso daga cikinsa yana salwanta ta hanyoyin da za a iya toshewa.

Kowa ya san matsayin akuya a gidan talaka. Saniya ta mai hali ce, rago na Layya ne da suna, amma akuya ita ce asusun mace. Ita ake kamawa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake kamawa idan taki ya zo babu kuɗi a hannu, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya mace tun tana goye. Cikinta wata biyar ne, tana yawan haifar tagwaye, kuma idan ta sami kula tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Awakin Nijeriya sun haura miliyan 70, mafi yawansu kuwa a Arewa suke, uku a wannan gida, biyar a wancan. Ashe ke nan ba ƙarancin awaki ke damun mutanenmu ba. Abin da ke damunsu shi ne mutuwa tana cin rabonta tun a turke, sa'an nan abin da ya tsira a kai shi kasuwa a sayar cikin duhun kai.

Bari mu fara da mutuwar. Akwai wata annoba ta awaki da tumaki wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, ko da yake mutanen ƙauye sun fi saninta da alamunta. Dabba za ta yi zazzaɓi ta ƙi ci, majina ta toshe mata hanci, kwantsa ta like mata ido, baki ya yi gyambo, daga nan sai zawo da tari, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. Idan ta shiga garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tana iya kashe tara cikin goma. A ƙasar Kodebuwa aka fara gane ta a 1942, kuma 'yar'uwar bushiya ce, wato cutar nan da ta yi wa shanun ƙasar nan mummunar ɓarna a farkon shekarun 1980. Ita bushiya an ga bayanta, a 2011 aka ba da sanarwar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya, ba kuwa da wani abu aka kashe ta ba illa allurar riga-kafi. Ganin haka ne ya sa a 2015 ƙasashe suka taru a Abijan suka ɗau alkawarin kawar da ta awakin ita ma kafin 2030 ta wuce.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, allurar da ƙasashe da yawa ke amfani da ita an samo asalinta ne daga ƙwayar cutar da aka ɗauka a nan Nijeriya a 1975, har sunan ƙasarmu take ɗauke da shi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana sarrafa ta. Allura ɗaya tana tsare akuya shekara uku ko fiye, kuɗinta kuwa bai kai na ƙafar akuya ɗaya a mahauta ba. To, me ya sa har yanzu ake wayar gari a ga tsohuwa tana jan mushe zuwa bayan gari?

Dalilin yana cikin kwalbar. Ba a yin ta don dabba ɗaya, kwalba guda ta awaki hamsin ce ko ɗari. Tilas a riƙe ta cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa turke, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci kaɗan, in ba haka ba ta zama ruwa kawai. Matar da ke da awaki huɗu ba ta da ikon fasa kwalba, ba ta da kuɗin man babur ɗin malamin dabbobi daga hedikwatar Ƙaramar Hukuma, wataƙila ma ba ta da izinin fita ta neme shi. Amma unguwa guda tana da awaki ɗari. Idan aka sami wanda zai biya kwalba biyu da ƙanƙara da man babur, mai unguwa ya sa a yi shela, to, aikin safiya ɗaya ne.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Kusan kowane gari na Arewa yana da ƙungiyar 'ya'yansa a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu, ana taro, ana karo-karo, ana aika gudummawar masallaci da ta rasuwa. Wannan abin yabo ne. Amma muna ganin lokaci ya yi da za a buɗe wani shafi a littafin ma'aji don riga-kafin dabbobin gida, sau ɗaya a shekara, a zaɓi lokacin da cutar ba ta riga ta ɓulla ba, domin allura ba ta warkar da wadda ta kamu. Mutumin da ya aika kuɗin akuya ta biyar alhali huɗun da ke gida ba a yi musu allura ba, ya ƙara wa annoba abinci ne. Har ma akwai abin da ya fi wannan. Cutar takan yi kwana huɗu zuwa shida a jikin dabba kafin ta bayyana, saboda haka akuyar da aka sayo a kasuwa tana tsalle lafiya lau tana iya zama ita ce ajalin na gida. Duk wanda zai aika kuɗin saye, to, ya haɗa da saƙo cewa a ɗaure baƙuwar a gefe guda, da kwanon ruwanta dabam, har mako uku. Haka kuma wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka komo da ita.

Maganar abinci ba ta bukatar dogon bayani, gama iyayenmu mata sun fi mu saninta. Da damina ana ɗaure awaki saboda shuka, tsutsar ciki ta yi musu yawa, da bazara kuwa su bi juji suna cin leda. Harawar wake da ta gyaɗa, kowa, dusa, 'ya'yan gawo da ɗan gishiri ko kanwa, su ne maganin ramar bazara. Sai dai talauci yakan sa maigida ya sayar da harawar tun a gona lokacin da take araha, matarsa kuma ta dawo tana sayen ƙulli-ƙulli da tsada bayan wata huɗu. Kuɗin da ɗan ci-rani zai aika da kaka a ce a bar harawa a kan rumfa ya fi wanda zai aika da bazara albarka nesa ba kusa ba.

Sai kasuwa. Akuyar da aka kama a wani ƙauye na Jigawa takan bi ta hannun mai yawo gida-gida, ya kai ta kasuwar ƙauye, wani ya tara ya kai Maigatari ran Alhamis ko Wudil ran Juma'a, falke ya saya ta hannun dillali ya loda a tirela, a wannan gefen kuma wani dillalin ya tarye ta a Oko-Oba ko Akinyele ko Lokpanta kafin ta isa ga mahauci. Ba mu cikin masu zagin dillali. Shi ne shaidar cewa dabba ba ta sata ba ce, shi ke tsaya wa baƙo, shi ke bin bashi, la'adarsa halaliyarsa ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk waɗannan mutane sun san abin da akuya ke yi a gaba, in ban da mutum ɗaya, wato matar da ta yi wata goma sha biyu tana ba ta dusa. Ita yaro take aikawa, abin da aka ce an saya shi ke nan, ba ta da abin gwadawa.

Alhali kuwa ɗanta yana tsaye a cikin kara a Ikko da waya a aljihu! A zamanin da wasiƙa ke yin mako biyu a hanya akwai uzuri, yau babu. Idan shugabannin kara za su sa a riƙa aika farashin mako zuwa ƙungiyoyin garuruwa, babba nawa, matsakaiciya nawa, to, mai yawo gida-gida zai tarar an riga shi. Muna kuma goyon bayan a kafa sikeli a manyan kasuwannin dabbobi. Ba muna cewa a daina ciniki da ido da taɓa gadon baya ba, wannan ba za ta yiwu ba, amma mai kaya ya san nauyin abin da ya kawo kafin a taya.

Akwai wani ilmi kuma da mazauna Kudu kaɗai ke da shi. A gida hankalin mai kiwo yana kan Babbar Salla, ita kuwa kakar rago ce. Kakar akuya a nan Kurmi watan Disamba ne, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan da ake tarawa a ƙarshen shekara, sa'ad da kowane gida ke neman ta farfesu, masu sayar da kan akuya da gasasshen nama kuma ba su samun isasshe. Wannan lokaci ya faɗo daidai bayan an kawar da amfanin gona, harawa tana ko'ina. Wanda ya dandaƙe ƙananan bunsuransa da wuri, ya tsare su a turke daga kaka zuwa farkon Disamba, taure zai fitar mai tsoka. Amma abin da aka saba shi ne a sayar da faɗuwar damina, dabba tana ƙashi da fata, kowa ya fito da tasa a rana ɗaya don neman kuɗin taki. Falke ba shi da laifi idan ya saya da araha.

Ba za mu bar Gwamnati ta wuce ba. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, kuma kowane direba zai iya lissafa maka shingayen da ake tsayar da shi, wannan ya ce harajin jiha, wancan ya ce na Ƙaramar Hukuma, wani ma ba ya faɗin sunan abin da yake karɓa. Kowace tsayawa cikin rana dabbobi ne ke galabaita a bene na ƙasa, wasu su mutu. Falke kuwa ba daga aljihunsa yake biya ba, ya riga ya cire daga kuɗin da ya taya a Maigatari. Wato dai matar nan ce ke biyan kowane shinge. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Ikko, aka yi ta murna, abin bai ɗore ba. A 2022 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don shirin bunƙasa kiwo da ake kira L-PRES, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkar dabbobi. Madalla. Amma duk sa'ad da manya suka buɗe baki a kan kiwo, saniya ce da burtali da rikicin makiyaya. Akuya ba ta jawo faɗa, masu ita ba su zuwa taro, saboda haka ba a tunawa da ita. Muna so a gaya wa jama'a, jiha-jiha, awaki nawa aka yi wa allura bara, kuma Ƙananan Hukumomi nawa ne ke da firjin ajiye magani mai aiki.

Akwai kuma fata. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira ta Maraɗi, fatarta ce ayari ke ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, Turawa suka same ta ta hannun Maroko suka laƙaba mata sunan wannan ƙasa. Har yanzu masana'antun jima na Kano suna nemanta. Amma akuyar da ta zo Kudu da rai babbaka ta ake yi, a ci fatar tare da nama. Ba mu da ikon canja wa mai saye bakinsa, kuma yana biyan kuɗinsa. Abin da ke hannunmu shi ne irin. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a kama bunsurun da ya fi girma a sayar domin shi ya fi kuɗi, a bar ƙanƙanen ya yi ta barbarar uwarsa da 'yan'uwansa, shekara kaɗan a ga awakin gida sun tsumbure. Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi tun shekarun 1960, mu ma muna da cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya, sai dai bunsurun kirki bai isa yawancin ƙauyukanmu ba. Ƙungiyar gari tana iya sayen guda biyu nagari ta damƙa wa amintacce, bayan shekara biyu a yi musanya da ƙauyen maƙwabta.

Muna roƙon Sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin kara da na ƙungiyoyin garuruwa su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taronsu na gaba. A fara da aika mutum ɗaya ofishin malamin dabbobi na Ƙaramar Hukumarsu ya tambayo kuɗin kwalba da ranar da zai iya zuwa, mai unguwa kuma ya ƙidayo awakin da ke unguwarsa.