Bokitin Ruwa Ba Likita Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin ƙwallo tsakanin Gidan Waya da Kafanchan ya san abin da ake yi in yara biyu sun yi karo da ka. A sheƙa wa wanda ya faɗi ruwa, a tashe shi tsaye, mai horarwa ya daka masa tsawa, "Kai, ba namiji ba ne? Koma fili!" Wannan ganganci ne da ran ɗan wani.

Hujjarsu wai ai bai suma ba. To, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma, kuma in matashi ya sake buguwa kafin ta farko ta warke, ƙwaƙwalwar na iya kumbura ko jini ya taru a ciki. Zackery Lystedt, ɗan shekara 13 a Amurka, an mayar da shi fili a 2006, ya tashi da nakasa. A 2009 Jihar Washinton ta kafa doka da sunansa: ba mai komawa wasa sai ma'aikacin lafiya ya sa hannu.

Kada wani ya fake da rashin kuɗi. Akwai gwajin tsayuwa da aka tsara a Jami'ar North Carolina, wanda mai sauƙinsa ba ya bukatar kome sai agogo da ƙasa mai tauri. Yaro ya rufe ido, ya riƙe ƙugu, ya tsaya daƙiƙa 20 ƙafafu a haɗe, 20 a kan ƙafa ɗaya, 20 ƙafa ɗaya gaban ɗaya. Malami yana ƙirga sau nawa ya buɗe ido, ya saki ƙugu, ko ya yi tangaɗi. Wanda ya kasa, sai asibiti. Wanda ya ci ma, muddin yana jiri ko ciwon kai ko ya manta wa ake bugawa da shi, wasansa na ranar ya ƙare.

Minti ɗaya ke nan! Me zai hana Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, wadda take yaye malaman makarantun wannan yanki, ta wajabta wa kowane ɗalibinta iya shi kafin ya karɓi takarda?

Su kuma 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, masu aika kuɗin kofi da rigunan wasa gida lokacin Kirsimeti da Sallah, kuɗinsu ne, suna da bakin magana. Su gindaya sharaɗi: gasar da ba ta da mai gwaji a bakin fili, ko sisi ba za ta gani ba.