Buhu takwas daga gindin kandili

Shekara uku ke nan da wani mai amalanken jaki ya tsaya a bakin lambuna da ke Akokan, ya ce, "Alhaji, ga ƙasar gindin itace, ba ka taɓa ganin irinta ba." Dala ɗari ya yi wa kowane buhu kuɗi. Na taya, muka daidaita, na ɗauki takwas. Da na kwance bakin na farko na damƙo a tafin hannu, sai na ga ashe rabinta ba ƙasa ba ce. Ga ƙananan ganye sun yi baƙi sun marmashe, ga kwanson 'ya'yan kandili a murɗe kamar ƙahon rago, ga kashin awaki da na raƙuma sun zama gari, da ɓawon itace, da guntayen ƙaya, da fukafukan ƙwari. Na yayyafa mata ruwa, ta tashi da ƙamshin ruwan farko irin na garinmu can wajen Tasawa. Salat ɗin da na shuka a wannan shekara, har maƙwabta suna leƙowa ta kan shinge suna tambaya wane taki na samu.

Bayan wata biyu hanya ta bi da ni ta wata korama gabas da Arlit, wajen da duwatsun Abzin suke farawa, na ga inda irin wannan ƙasa take fitowa. Kandili ne manya guda shida ko bakwai a jere. An ƙwaƙule gindin kowanne da shebur har ya zama kamar kwano, saiwoyin sama a waje, rana tana dukan su. Ko tsinke ba a bari ba, domin masu itacen girki sun riga sun kwashe busassun rassa. Na tsaya ina zagin mai amalanke a zuci, sai na tuna wanda ya ba shi kuɗin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da nake so in faɗa shi ne, a wannan yanki namu muna kashe itace ba tare da mun ɗaga gatari ba, kuma ba wanda yake ƙirga wannan kisa, har da hukuma.

Kafin in zauna a lambu na yi shekaru ina jan babbar mota, wani lokaci har Abijan. A can ne na fara jin manoman koko suna cewa gonar da aka sare daga sabon daji ita ce gona. Shekarun farko koko yana yin kyau ba taki ba komai, sannan ya soma ja da baya, manomi ya nemi wani dajin ya sare. Da haka Kodebuwa ta rasa mafi yawan dajinta. Dalilin kuwa, a irin waɗancan dazuzzuka masu ruwan sama, abincin tsiro ba a cikin ƙasa yake kwance ba. Yana jikin itatuwan ne da cikin shimfiɗar ganyen da ke zubowa kullum. Zafi da danshi da gara da ƙwayoyin halitta suna narkar da ganyen cikin 'yan watanni, ƙananan saiwoyi na sama su tsotse, abin ya sake hawa itace. In aka kwashe manyan itatuwa, rana ta shigo ta busar da shimfiɗar, ruwan sama ya wanke abin da ya rage. Manomin koko ajiyar ganyen shekaru yake ci, ni ma da salat ɗina haka.

Sai dai shi can, in ya bar wurin, ruwa yana nan, wani abu zai sake tsirowa. Mu nan ruwan da ke sauka a Arlit a shekara guda bai kai milimita 100 ba, galibi ma ƙasa da haka sosai, Assamakka kuwa ba a magana. Ganye a nan ba ya ruɓewa yadda yake ruɓewa a kudu. Rana ce take cinye shi a hankali, iska ta kwashe, gara ta ja wani ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya tsira shi ne wanda ya maƙale a gindin itace, a bayan busasshen reshe ko tarin ƙaya. Wannan reshen da muke kira matacce muna ɗorawa a kai, shi ne shingen da yake tare ganye da ƙurar hunturu. Ƙurar ma ba banza ba ce. Masana na hukumar NASA sun lissafa a 2015 cewa ƙurar Sahara, har da ta kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana kai wa dajin Amazon kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaros kowace shekara. Takinmu yana ƙetare teku ya ciyar da dajin Barazil, mu kuma muna share ɗan wurin da zai iya riƙe mana shi.

Dubi yadda gindin kandili yake aiki. Inuwa tana jawo raƙumi da akuya da tsakar rana. Su ci 'ya'yan da suka faɗo, su kwanta, su bar kashi da fitsari. Irin da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira, kuma ya kuɓuta daga ƙwaron da ke huda shi in ya daɗe a ƙasa cikin kwanso. Ranar da korama ta kawo ruwa, ko da sau ɗaya ne a shekara biyu, wannan baƙar ƙasa tana riƙe danshi kwanaki bayan yashin gefe ya bushe. Ciyawa ta fara fitowa a nan, ɗan kandili ya samu abin da zai tura saiwarsa ƙasa kafin zafi ya kama shi. Kuma saiwar tana tafiya. Itacen nan na Tenere da wata mota ta buge a 1973, wanda gangar jikinsa ke gidan tarihi na Yamai, kandili ne, kuma da aka haƙa rijiya kusa da shi an tarar da saiwarsa ta wuce mita 30 tana neman ruwa. Itacen da ya yi wannan tafiya ba a shekara goma ya yi ta ba. Amma farkonta ɗan tafin hannu ne na marmashin ganye da kashin akuya. A koramar da na tsaya, na duba ko'ina ban ga ƙaramin kandili ko ɗaya ba, tsofaffi ne kawai.

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda yuraniyom. Somaïr ta fara fitar da ma'adini a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Wutar kamfanonin daga kwal ɗin Sonichar na Anu Araren take zuwa. Zancen yuraniyom ɗinmu da fitilun Faransa ba zan maimaita shi ba, kowa ya gaji da ji. Abin da ya dame ni tukunya ce. Dubun-dubatar mutane aka tara a wurin da a da 'yan tantunan Abzinawa kaɗai yake ɗauka, kuma shekara hamsin ana dafa tuwo da shayi. Daga 2014 zinariyar Jado da Cibarkaten ta ƙara kawo jama'a. Kowace butar shayi da gawayinta.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Ɗana yana da shago a Assamakka, nakan yi tafiyar nan ta kilomita kusan 200 in duba shi. Itatuwan garin ana ƙirga su da yatsu. Na ga mutanen da ake saukewa daga Aljeriya a wurin da ake kira Point Zéro, su tako kilomita 15 a ƙafa su shigo gari cikin sanyin Janairu. Na ga suna ƙona kwali da tsumma su ji ɗumi. Wanda ya ga haka ba zai buɗe baki ya yi wa mai tsintar itace wa'azi ba. Haka matar da ke da 'ya'ya biyar a Akokan, ba ta da kuɗin tukunyar gas. Ba da su nake ba. Da ni nake, da mai tanda, da mai gashin nama, da mai motar da ke shiga koramu ta fito da lodi, mu da muke da halin sayen gas ko takin dabbobi daga turke amma muka zaɓi na arha.

Kowace ranar 3 ga Agusta muna fita dashen itace, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Ban raina ba, na dasa nawa. Amma a je a duba su a watan Mayu. Dashen leda a ƙasar da ba ruwa yana buƙatar mai bokiti kullum, ranar da mai bokiti ya gaji shi ke nan. Mutanen Maradi da Damagaram sun nuna wata hanya tun cikin shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a gyara, a kare. Ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin itace ta haka, kusan ba dashe. Mahaifina bai taɓa bari a share gindin gawo a gonarsa ba, domin ya san gawo da damina yake zubar da ganye, kuma geron wurin ya fi na ko'ina tsawo.

Namu na arewa ya fi wannan sauƙin faɗa. Ma'aikatan gandun daji suna tare mai ɗanyen itace a shingen hanya, mai buhun ƙasa kuwa ya wuce yana ɗaga musu hannu, don ba a ɗauke shi mai laifi ba. A fara tambayarsa inda ya ɗebo. A zauna da shugabannin Abzinawa, su da suka san kowace korama da sunanta, a keɓe wasu na 'yan shekaru: dabba ta shiga ta yi kiwo, amma shebur da mota kada su shiga, reshen da ya faɗi a gindi a bar shi inda yake. Kuɗin da za a kashe a leda da jawabin rana ɗaya ya isa a sauƙaƙa wa masu tanda tukunyar gas.

Bara mai amalanken ya dawo da buhu goma. Na ce masa, "Malam, na daina." Ya yi dariya, ya kaɗa jakinsa, maƙwabcina na hannun dama ya saye su duka kafin la'asar. Salat ɗinsa ya fi nawa kyau bana.