Mai Girma Gwamna, Masu Raunin Laka Ma 'Yan Jigawa Ne

'Yan uwana 'yan jam'iyya, yau ba yabo na zo yi ba, tuni na zo yi wa gwamnatinmu. Ƙanina ya faɗi daga kan babur a hanyar Ringim zuwa Kano. Mutanen kirki suka taru, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, aka naɗe shi a bayan mota. Daga baya likita ya ce mana irin wannan ɗaukar takan ƙarasa lakar da hatsari ya soma taɓawa. Yau shekara uku ke nan yana kwance.

Wanda bai yi jinyar mai raunin laka ba, wallahi bai san ta ba. Sai an juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya ci bayansa. Ga robar fitsari da cutar da take jawowa. Sau da yawa waɗannan ne ke kashe majinyaci, ba karayar kanta ba. Ga kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ya sa muka sayar da gona.

Na san wani zai ce binciken laka aikin Amurka ne, mu maleriya ta ishe mu. Ni ban ce mu nemo maganin haɗa laka ba. Binciken da muke buƙata na gida ne: mutum nawa ke samun wannan rauni a Jigawa kowace shekara? A wace hanya? Nawa ne hatsarin babur, nawa ne faɗowa daga bishiya? Nawa ke raye bayan shekara guda? Gwamnatin da ba ta ƙirga ba, da me za ta yi tsari?

Masu aikin muna da su. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni. Abin da ya rage shi ne Malam Umar Namadi ya ware wa wannan bincike gurbinsa a kasafin kuɗi, a haɗa da horar da 'yan acaɓa da direbobi yadda ake ɗaukar wanda ya ji rauni a wuya ko baya: a kan katako, ba tare da lanƙwasa shi ba.

Mu tuna, a 2007 Sule Lamido ya fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata, har gobe 'yan adawa da shi suke mana gori. A 2019 marigayi Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙinsu. Gadonmu ne, bai kamata a riga mu ba.

Duk mai lambar ɗan majalisarsa ya tura masa wannan kafin a gabatar da kasafi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.