Bayan ritaya: a zauna cikin gari ko a koma bayan gari?



A Turai da Amurka, idan ma'aikaci ya ajiye aiki da sauran ƙarfinsa, sau da yawa sai ya sayar da gidansa na babban birni ya koma wani ƙaramin gari a bakin teku. Ba'amurke ya nufi Florida, mutumin Ingila ya haye gaɓar Sifaniya ko Fotugal. Ruwa da iska na cikin abin da ke jan su, amma wasu kuma na neman garin da za su je kasuwa da ƙafa, su je wurin ibada da ƙafa, mai shago ya san sunansu, asibiti kuma yana kusa.

Mu a Kano ba mu da teku, amma sauran duk muna da su a cikin birni. Mu ɗauki Kabara, unguwar da ta ci sunan Malam Umaru Kabara, wanda asalinsa daga Kabara ta bakin kogin Kwara ne, mashigar jiragen ruwan Tumbuktu. Dattijon da ke zaune a nan, da ya fito daga zaure ga Gidan Sarki, ga Gidan Makama, ga babban masallacin Juma'a. In ya ƙara taku ya isa Kasuwar Kurmi, in jiki ya motsa Asibitin Murtala ba nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba, har wanda ya haura shekara 65, yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke takawa masallaci sau biyar a yini, ya raka gawa, ya je ɗaurin aure, ya leƙa dubiya, ya biya majalisa bayan la'asar, ai ya cika wannan lissafi ba tare da ya sa takalmin gudu ba.

To me ke faruwa? Dokar aikin gwamnati ta ce mutum ya ajiye aiki idan ya kai shekara 60 da haihuwa, ko ya cika 35 yana aiki. Wanda ya kama aiki yana ɗan ashirin, yana da 55 zai dawo gida, idonsa garau, ƙafarsa da ƙwari. In Allah ya sa garatuti ya fito, sai ya ƙarasa gininsa a Rijiyar Zaki ko Danbare ko Mariri, ya ja doguwar katanga, ya sa ƙofar ƙarfe. Watan farko 'yan ofis na zuwa gaisuwa. Kafin shekara ta zagayo wayar ma ta rage kuka. Maƙwabci sai a masallaci, in ma an haɗu. Kowace fita sai an tada mota, ga tsadar mai, ga fansho da ba ya kai ƙarshen wata. Sai mutumin da ya yi shekaru yana tafiyar da ma'aikata guda ya koma zaman kujera daga safe har dare, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga suka fi son mai zama.

Ban ga laifin wanda ya fita ba. Gidan gado ya cika, an raba shi ɗaki-ɗaki, iyali sun yi yawa. Mota ba ta shiga lungu, kwata a buɗe, da damina ruwa ya rasa hanya saboda an cike kududdufai an yi gini. Waɗannan dalilai ne na gaskiya. Abin da nake roƙo shi ne mai shirin ajiye aiki ya sa mutane a cikin lissafinsa, kamar yadda yake sa bulo da siminti. Wa zai yi masa sallama da safe? Wa zai lura bai fito asuba ba?

Tsohon birni bai san a ce mutum ya gama amfani ba. Marigayi Shehu Nasiru Kabara ya shugabanci makarantar shari'a ta Shahuci, kuma barin ofis bai raba shi da karantarwa da tafsiri da rubutu ba, har Allah ya karɓi ransa a 1996. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Maukibin Ƙadiriyya ya ga dattawa masu furfura suna takawa daga Kabara har maƙabartar Maigiginya, ga rana, ga cinkoso, suna zikiri, ba sa neman a riƙe su. Abin da ya tsayar da ƙafafun nan shi ne kullum akwai inda ake jiran su.

Irin wannan jira ya kamata mai ritaya ya samar wa kansa. Tsohon hedimasta ya buɗe zaurensa da yamma yaran unguwa su koyi lissafi. Tsohuwar nas, wadda ta karɓi haihuwa shekara talatin, ta ware rana guda mata su zo ta auna musu jini, ta faɗa wa mai ciki gaskiya kan zuwa awo. Tsohon magatakardar kotu ya zauna da magada kafin rikici ya kai gaban alƙali. Ko wanda ya riga ya tare a bayan gari, babu abin da zai hana shi riƙe darasi ko majalisa a unguwarsu ta haihuwa kwana biyu a mako.

Hukuma ma da nata. A biya fansho da garatuti a kan kari, domin mai bin haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis ba shi da natsuwar koyar da kowa. A rufe kwatoci, a daɓe lunguna, a sa fitila saboda mai fita asuba, a ja kunnen masu babura da ke kutsawa lungu a guje. Akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da gwamnatin tarayya ta kafa, ya kamata aikinta ya iso har nan. Mai unguwa kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin ya ɗauki littafi ya rubuta sunayen masu ritayar unguwarsa, maza da mata, da aikin da kowa ya iya, ya miƙa wa makarantar firamare da islamiyya da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.