Kontagora: Kada magen gida ta zama kyanwar Lami

Duk wanda ya san Kontagora ya san cewa arzikin garin yana cikin buhu ne. Masara da dawa da gero da waken suya da gyaɗa kan kwararo daga ƙauyukan Mariga da Magama da Mashegu da Rijau, a jibge su a sito-sito da rumbuna kafin manyan motoci su kwashe su zuwa sassan ƙasar nan. Inda kuwa aka tara hatsi, ɓera ba ya jiran gayyata. Shi ya sa da wuya a shiga gidan manomi ko shagon ɗan kasuwar hatsi ba a tarar da mage ba. Ita ce mai gadin da ba a biya albashi, kuma ita ce dabbar da ba kasafai ake tunawa da ita ba idan ana maganar kiwon lafiyar dabbobi.

Aikin mage gaba ɗaya a bakinta yake. Babbar mage tana da haƙora 30, bayan ta zubar da na yarinta guda 26 tana 'yar wata shida ko kusa da haka. Da fiƙoƙinta huɗu take cafke ɓera a wuya, da na gefe kuma take yanka nama kamar almakashi. Cibiyar lafiyar mage ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ta bayyana cewa tsakanin kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari na maguna da suka haura shekara huɗu suna fama da wani nau'in ciwon haƙori.

Ciwon yakan faro ne daga dattin abinci da ƙwayoyin cuta da ke manne wa haƙori. Idan aka bar shi, cikin 'yan kwanaki sai ya sandare ya yi tauri kamar dutse. Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini. A wannan mataki ana iya shawo kansa baki ɗaya. Idan ya wuce haka ya shiga ƙashin da ke riƙe da haƙori, abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a tsayar da ɓarnar. Akwai kuma wani nau'in da ya yawaita a maguna, inda haƙorin kansa ke zaizayewa, galibi daga gindi, wanda sau da yawa sai da hoton ƙashi ake gane iyakarsa. Na uku shi ne kumburin da ke game baki har maƙogwaro, wanda kan hana dabbar cin abinci.

Matsalar ita ce mage tana da ɓoye ciwo. Mai ita ne zai lura da alamu: warin baki, dalalar yawu, tauna da gefe guda, abinci na faɗowa daga baki, shafa baki da ƙafa, rama, da daina lashe jiki har gashi ya cukurkuɗe. Magen da ta kai wannan hali takan rage farauta, ta koma kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, ɓeraye su yi ta watayawa a gabanta.

Wani zai ce a yankin da 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gonakinsu, kuma asibitocin mutane ke neman magani da ma'aikata, maganar haƙorin mage wasa da hankali ne. Wannan jarida ta fahimci wannan ƙorafi, kuma ba ta neman a ɗebe ko kwabo daga tsaro ko asibitin yara. Sai dai akwai dalilai uku da suka sa bakin mage ya shafi lafiyar mutanen gida kai tsaye.

Na farko shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma yake tashi duk rani. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Cikin matakan kariya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, tare da rufe hatsi da tsaftace gida, har da ajiye mage. Gidan da magensa ta kasa aiki yakan koma ga shinkafar ɓera da sauran guba, waɗanda kan faɗa hannun yara, kan gurɓata abinci, kan kuma kashe magen da ta ci ɓeran da ya sha su. Wasu daga cikin irin wannan guba suna hana jini daskarewa, kuma jinin dasashi na cikin alamunsu.

Na biyu shi ne ciwon haukan kare. Gaskiya ne karnuka ke da alhakin kusan kashi 99 cikin ɗari na kamuwar mutane, a cutar da ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara. Amma mage ma tana kamuwa, tana kuma yaɗawa. Dalalar yawu da ƙin cin abinci alamun ciwon haƙori ne, kuma alamun haukan kare ne. Magidancin da bai san haka ba zai iya cusa yatsa a bakin mage yana neman ƙashin kifin da yake zaton ya maƙale, ya kwaso ajalinsa. Idan alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira.

Na uku shi ne cizon kansa. Fiƙar mage siririya ce, takan huda fata ta shiga da zurfi, bakin raunin ya rufe da ƙwayoyin cuta a ciki, hannu ya kumbura cikin yini guda. Magen da ke jin zafi ta fi saurin kai cizo, kuma yara ne suka fi wasa da ita. Duk wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar.

A ɓangaren masu maguna, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi. A saba wa 'yar mage taɓa baki tun tana ƙarama, a riƙa ɗaga leɓenta ana duba dasashi, ana goge haƙoran da ƙyalle mai tsafta ko ƙaramin buroshi. Kada a yi amfani da man goge baki na mutane, domin mage haɗiye shi take yi kuma yana cutar da ita. Kada a ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke baki. Ragowar tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, domin halittarta ta mai cin nama ce. Mafi muhimmanci, kada a kuskura a ba ta farasitamol: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka nan ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a kasuwa ba ya kankare dattin da ya sandare, sai dai ya ƙara wa cututtuka taurin kai. Kankarewa da cire ruɓaɓɓen haƙori aikin likitan dabbobi ne, kuma sai an yi wa dabbar allurar barci.

A nan ne nauyin ya dawo Abuja. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, daga baya kuma aka naɗa Idi Mukhtar Maiha ministanta. Daidai ne shanu da awaki da kaji su ɗauki kaso mafi tsoka na aikinta. Amma Nijeriya ta rungumi tsarin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli tun 2019, ta kuma shiga alƙawarin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030. Waɗannan alƙawura ba za su cika ba idan aikin likitan dabbobi ya tsaya a kara da mayanka. Asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Abuja duk tafiyar sa'o'i ne daga Kontagora, kuma babu manomin da zai ɗauki mage a kwando ya yi wannan tafiya.

Don haka muna kira ga ma'aikatar, tare da gwamnatin Gwamna Mohammed Umaru Bago, da su sanya maguna cikin duk wani gangamin rigakafin haukan kare, musamman na ranar 28 ga Satumba, kuma jami'in da ya yi allura ya duba baki a lokaci guda. A tanadar wa asibitin dabbobi na gari irin Kontagora kayan aikin haƙori da maganin barci, a horar da mataimakan likitoci su gane abin da za su iya da wanda za su tura gaba. Hukumar NCDC ta saka kula da mage cikin saƙonnin Lassa da take yaɗawa da Hausa a gidajen rediyo. 

Fadar Sarkin Sudan da limamai ma suna da rawar takawa. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda ta ɗaure mage ta hana ta abinci har ta mutu, kuma ɗaya daga cikin manyan sahabbai ya yi suna ne da laƙabin Abu Huraira saboda 'yar magensa. Al'ummar da ta tashi da wannan tarbiyya, ta kuma riƙe asuwaki a matsayin sunna, ba za ta sha wahalar fahimtar cewa dabbar da ke gadin abincinta tana da haƙƙin a duba bakinta ba. Abin da ya rage shi ne a samar mata da likitan da za ta kai wa magen a cikin garinta.